Tsakuwar Sai-Tasha

Sai-Tasha direban bas ne, na doguwar hanya. Halinsa ne ya jawo masa sunan: in ya tayar da mota, ba ya tsayawa sai a ƙofar tasha. Fasinjan da fitsari ya kama sai dai ya matse. Shi kuwa dabararsa guda ce, ranar tafiya ba ya shan ruwa. Shayi mai kauri da safe, soyayyen nama mai gishiri a leda kusa da giyar mota, shi ke nan.

Haka ya yi ta yi har ranar da ciwon kwiɓi ya durƙusar da shi a gaban fasinja. A asibiti aka yi masa aiki, aka ciro tsakuwa daga ƙodarsa, baƙa, mai ƙaya-ƙaya, girman ƙwallon dabino. Likita ya sa ta a 'yar kwalba, ya ce ya kai ɗakin gwaji a ga da me aka yi ta, don kowace iri da abin da ke kawo ta. In ba a sani ba, wata za ta taru, a sake yanka shi.

Ya kai. Matar da ke gwajin ta ce sai an niƙa ta.

"Niƙa? Abin da na yi naƙudarsa?"

Ya mayar da kwalbar aljihu. Daga baya ya rataye ta a madubin mota. Direbobin da suka ce raki ya yi, yanzu zagayowa suke su gani. Wani ma cewa ya yi a yanka mata rago.

Bai daɗe da komawa hanya ba kwiɓin ya fara tsungulinsa. Bai gaya wa kowa ba, amma yayarsa ta ga yadda yake zama a karkace. Ita ta yi jinyarsa wancan karon, ta san alamar. Ta same shi a tasha, ta miƙa hannu ta taga ta tsinke zaren kwalbar.

"Yaya, shaidata ce fa."

"Tabon da ke cikinka bai ishe ka shaida ba? Ko ƙanwa kake son yi mata?"

A ɗakin gwaji, a gabansa aka daka ta a ɗan turmin tangaran, ya kawar da kai. Sakamako ya nuna kalsiyam ne da wani sinadari, okzalet, irin da ke daskarewa in fitsari ya yi ƙaranci. Likita ya ce a rage gishiri da shayin, ruwa kuma a yi ta sha har sai fitsari ya yi fari. Sabuwar tsakuwar da ta fara taruwa ƙarama ce, mai yiwuwa ta fita da kanta.

Ta fita. Yanzu jarkar ruwa ce a inda ledar nama take. Yana tsayawa a hanya, kuma shi ke fara sauka. Sunan dai bai canza ba. Kwalbar ma tana nan a madubi, ba komai a ciki.