Lawal da ruwan cikin dutse

Shekara goma sha shida ke nan. Wata Talata da hantsi ina wurin fasa dutse a Mpape, ana loda tsakuwa a tifa, sai Bitrus, abokin aikin ƙanena Lawal, ya kira ni. Ya ce, "Yaya, ka samu wuri ka zauna." Ban zauna ba. Ya ce motar su Lawal ta faɗi kusa da Yangoji a hanyarsu ta zuwa kudu, kuma Allah ya yi masa cikawa. Na yi salati, sannan na ce wa direban tifa ya ɗan ja baya, lodin bai cika ba. Har yau ban san abin da ya sa na faɗi haka ba.

Ni dutse nake fasawa, shi kuwa auna shi yake yi. A firamare na tsaya, shi ya wuce jami'a. Lokacin mulki ya dawo hannun farar hula, mai yana tsada, Abuja kowa maganar rijiyar mai yake yi. Lawal na aiki da wani kamfani mai ofis a nan da ɗakin gwaji a kudu. Ya rasu ana cewa bai iya aikinsa ba. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro yau.

Ya taɓa yi mini bayanin aikin a gidana na Karu. Ya ce dutsen da ake cirowa daga ƙasan rijiya cike yake da ƙananan ƙofofi, kuma suna riƙe ruwa kamar yadda lagwani ke riƙe kananzir. Ana yanko ɗan guntu kamar batirin tocila, a wanke shi, a busar, a jiƙa shi da ruwan gishiri, a ɗora kan farantin yumɓu cikin tukunyar ƙarfe. Sai a tura iska ta matse shi. Ruwan zai riƙa ɗiga cikin siririn gilashi. Ba a rubuta komai sai ɗigar ta tsaya, ko da za ta kai mako biyu, sannan a ƙara matsi. Ruwan da ya ƙi fita a ƙarshe shi ke nuna iyakar wurin da ya rage wa mai.

Na ce, "To kai albashi kake ci a kan kallon dutse yana fitsari?"

Ya ce, "Yaya, kai da guduma kake tambayarsa, shi ya sa bai taɓa gaya maka komai ba."

A shekararsa ta ƙarshe aka kawo duwatsun wata rijiya da manya ke gaggawa a kanta. Don a rage kwanaki, aka busar da su da zafi mai yawa. Akwai laka a jikinsu, zafin ya tsuke ta, sai awo ya nuna ruwa kaɗan, wurin mai da yawa. Wannan kam na gane, don na san abin da wuta ke yi wa laka. Lawal ya ƙi sa hannu. Ogansa ya ce tsoro ne da rashin ƙwarewa, ya ba wani takardar ya sa hannu, Lawal kuma aka mai da shi teburin ajiyar fayil. Da ƙyar ya samu izini ya sake gwajin da sauran guntaye uku, ya busar da su a hankali. Duk mako biyu yakan hau mota ya je kudu ya duba.

Na ji an ce yanzu akwai injin da ke gama irin wannan awo cikin 'yan kwanaki. Da yana nan, ina jin zai yi murna da shi, amma sai ya fara tambayar yadda aka busar da dutsen. Mutum ne da ko shayi ba ya sha sai ya huce.

Abin da ya bari ba shi da yawa: 'yarsa Rukayya, wadda ta girma a hannuna, da wannan hali na rashin gaggawa, wanda ta kwaso duka. Bara ta ji maganar cewa bai iya aikinsa ba a bakin wani tsohon ma'aikacin kamfanin a wurin ɗaurin aure. Ta dawo ta tsare ni. Ta ce, "Baffa, babana ne ke da gaskiya ko su?"

Na so in ce shi ne. Amma da ubanta ne, ba zai faɗi abin da bai auna ba. Na kai ta wurin Bitrus, wanda ya yi ritaya. Ya ce kamfanin ya rushe, rijiyar ta sauya hannu, bai san abin da ta bayar ba. Ya ce matsi hawa shida Lawal ya tsara, ya rubuta huɗu, yana hanyar zuwa karanta na biyar motar ta faɗi. Bayan sadakar bakwai aka buƙaci tukunyar don wani aiki, aka sauke duwatsun ruwan bai gama ɗiga ba.

Allah ya jiƙan Lawal. Hawa na biyar da na shida, babu wanda ya auna su.