Ranar da Inna ta faɗi sunana

Jiya da la'asar na ajiye kwamfutar Kawu a kan tabarma, na ɗora hannun Inna a kan linzamin kwamfutar. Aikin makaranta ne na haɗa: shafi mai hotonmu na Sallah a Maiyama, in ka danna fuskar mutum sai sunansa ya fito.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Ke wagga" take ce mini tun ina ƙarama. Na saba, amma na daɗe ina son in ji shi a bakinta.

Ta danna fuskar ƙanena Nura, ta fara haɗa baƙaƙen a fili kamar yadda suke yi a ajin yaƙi da jahilci.

"Ru... ƙay... ya."

Sai ta rufe baki da mayafi.

"Ke wagga, tarko kinka ɗana min?"

"Wallahi Inna kuskure ne. Daga kusurwar allo yake auna inda kika danna, ba daga kusurwar hoton ba. Shi ya sa ya zame kaina, tunda ina gefen Nura."

"To gyara abinki," ta ce, tana dariya cikin mayafi. "Sunan dai da daɗin faɗi."

Na ɗebe tazarar gefen hoton daga lissafin, yanzu kowa na samun sunansa daidai. Amma tsohon shafin ban iya goge shi ba.

'Yan fari, ku kun taɓa jin naku a bakin mahaifiya?