Kaka Ta Wasa Ƙafar Injin Yaya

Jama'a, ku sa ni a addu'a, yau tawa ta ƙare!

Yaya Nasiru ya sayo injin buga kayan roba, mai ƙafa uku, wanda mutum ke haɗawa da kansa. Ƙafa ɗaya ta ƙi shiga raminta. Da zai tafi Kalgo ya ce, "Goge ta da samfefa, kaɗan-kaɗan."

Na goga har hannuna ya mutu. Kaka ta ce, "Kawo nan, raggon miji!" Sai ta ɗora ta kan dutsen wasa wuƙa!

Yanzu ƙafar rawa take kamar haƙorin tsoho. Kaka ta ce wai in cusa tsumma, haka ake yi wa ƙotar fartanya.

Yaya ya bugo waya: "Ta shiga?"

Na ce, "Ta shiga, Yaya. Har tana fitowa."