Safiyar da Na Yi Gudu a Layinmu

Ina aji biyu na sakandare malamar wasanni ta ce ina da ƙafa. Ta sa ni cikin 'yan mata shida da za a gwada don gudun miƙa sanda, huɗu kawai za a ɗauka. Ni ba mai magana ba ce a aji, har wasu malamai sukan manta da ni a layin baya. Ba a taɓa zaɓena a komai ba sai ranar, shi ya sa na ƙwallafa rai.

"Ki riƙa gudu kullum a gida," in ji ta. "Numfashi nake so, ba sauri kaɗai ba."

A gida ina? Makarantar kanta ba ta da fili. Tsakarta siminti ne, motar makaranta ta cinye rabi, tankin ruwa ya cinye sauran. Filin da ke bayan gidanmu a unguwar Barade, inda muke tsallen igiya muna ƙanana, an yanka shi fuloti-fuloti. Yanzu katanga ce mai fasassun kwalabe a kai. Gidanmu kuwa na haya ne, tsakar gida duk igiyoyin shanya da murhu da bakin rijiya. Kina ɗaga ƙafa kin kai bango.

Titi ya rage. An zuba masa kwalta mai kyau, an haƙa kwata mai zurfi dama da hagu, amma ba a bar wa mai tafiya a ƙasa ko gefe ba. Inda aka rufe kwatar da siminti, mai shago ya jera jarkokin manja, mai faci ya ajiye injinsa. In kin sauka kan kwalta, keke mai ƙafa uku na danna miki hon a bayan kunne. Mama da take zuwa Kasuwar Jalingo da ƙafa ta daina. Ko coci keke muke hawa, ga shi ana hango rufinsa daga ƙofarmu.

Sai na lura da sassafe ranar Asabar titin yakan zama wayam kafin masu keke su fito. Na yanke shawara. Amma kunya ta hana ni sa gajeren wandon wasanni a cikin unguwa, don haka na fita da rigar da nake shara da ita, da ɗankwali, da silifas. A makon nan kuma Kaka tana kwance da zazzaɓi, duk layin sun sani.

Na buɗe ƙofa na zuba a guje. Maƙwabciyarmu, Maman 'yan biyu, tana shara a ƙofar gidanta. A layinmu ba a wuce babba ba gaisuwa, kuma yarinyar da ta girma ba ta gudu sai in gobara ce ko an aike ta kiran fasto. Ta ɗago ta ce, "Lafiya?" Numfashina ya riga ya cika baki, sai na ɗaga mata hannu kawai na wuce. Hanyar da na bi kuwa ita ce ta gidan fasto.

Gudun ya yi mini daɗi. Iska tana shiga rigata, silifas na tafi a ƙasa. Sau ɗaya kawai na tsallake wani rami inda murfin kwata ya karye.

Da na dawo, ƙofarmu cike take da takalma. Matan zumunta na cocinmu sun cika tsakar gida, wata ta zo da tabarma a hammata, wata har ta fara kuka. Maƙwabciyarmu Bafulatana tana ta tambaya, "Jam? Lafiya dai?" Ga Kaka a bakin ɗakinta da kofin kunu a hannu.

"Ni kuka zo binnewa?" in ji Kaka. "To ku bari in gama kununa."

"Yarinya nan ne!" Maman 'yan biyu ta nuna ni da tsintsiya, tana magana da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Ya wuce ni kamar iska, ba gaisuwa, ya yi hanyar fasto. Na ce shi ke nan, Kaka ya tafi."

Aka fashe da dariya, kowa ya juyo yana kallona. Na tsaya ina kallon ƙafafuna da suka yi ja da ƙasa.

Mama ta yi dariya da su, ta raka su har waje. Da ta dawo fuskarta ta canza.

"Kar ki sake. Yau kin tara mana jama'a, gobe keke ya kaɗe ki ko ki faɗa kwata. Me zan ce wa babanki?"

"To a ina zan yi, Mama?"

"A makaranta."

"Ba fili."

"To ki yi a ɗaki."

A ɗaki na yi, tsakanin gado da akwatuna, ina ɗaga gwiwa ba tare da na je ko'ina ba, har gumi ya jiƙe ni. Haushi ya fi gajiyar yawa.

Ranar gwaji aka kwashe mu a mota zuwa filin wata firamare da aka ara. Ni ce a gaba har muka kai kwanar filin. Daga nan ƙirjina ya ɗauki zafi, ƙafafuna suka yi nauyi, na ji suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Na zo ta biyar.

Malama ta dube ni ina durƙushe ina haki.

"Ba ki yi abin da na ce ba."

Na buɗe baki in faɗa mata babu wurin yi, amma ta riga ta juya tana miƙa wa ta huɗu sandar.