Karsanar da Na Kora Cikin Gonar Doya

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar muka bar Gema, unguwarmu a Faraku, mu uku, kowa da kekensa da gorunan ruwa biyu da hular kwano a ka. Ɗaya malamin makaranta ne, ɗaya yana da shagon magani a unguwar Kpebiye, sai ni da na yi shekara ashirin da wani abu ina dillancin shanu. Ku riƙe wannan sana'a tawa, don ita ce ta ninka mini kunyar da na sha a hanya. Niyyarmu Jugu, amma ba ta kwalta ba. Malamin ya zana mana hanya a wayarsa ta ƙauyuka da daji, jar ƙasa da tsakuwa, inda babu tirela mai hura wa mutum iska a ƙeya.

Mun ratsa ta gefen kasuwar Arzeke masu zemijan, wato 'yan acaɓa, na hamma a kan baburansu. Wani ya dubi matsattsun wandunanmu ya ce, “Alhaji, yadin ne ya ƙare?” Ban ga laifinsa ba, don ni ma ranar da na fara sa wandon sai da na ɗora jallabiya kafin in fita tsakar gida.

Bayan Turu muka saki kwalta. Ruwa biyu aka yi a makon, saboda haka ƙura ta kwanta, ƙasa ta yi laushi ba ta kai ga caɓi ba. Wanda bai taɓa hawa irin keken nan mai faɗin taya a kan tsakuwa da sassafe ba, ba zan iya kwatanta masa daɗin ba. Ba ka jin komai sai ƙarar taya da kukan kurciya. Gonakin kashu hagu da dama, an gama tsince ƙwayar, sai warin ruɓaɓɓen naman 'ya'yan a ƙasa. Daga nan kaɗanya da ɗorawa, daga nan gonakin doya, tulin ƙasa a jere kowanne da 'yar hular ciyawa a kansa, tsiron ya fara kama sanda. A wani ƙauye muka sha koko da ƙosai, kuɗin mu uku bai kai na mutum ɗaya a Faraku ba, har mai shagon magani ya soma maganar dawowa nan da zama.

Hantsi ya ɗaga muka tsallake kogi a Beteru, muka ci sakwara da wagashi, cukun nan na Fulani, soyayye a cikin miya. Na ci fiye da yadda mai tafiya ya kamata ya ci. Daga nan ƙasa ta canja, hawa da gangara, duwatsu na leƙowa ta saman itatuwa, daji ya yi duhu. A kowane hawa ni ne na ƙarshe, ina huci abokaina na jirana a sama suna yi mini sannu irin ta tsokana. A gangara kuwa nauyina ke rama mini, ba mai kama ni.

Wajen azahar muka kai kan wani tudu mai doguwar gangara da ta lanƙwasa cikin itatuwa. Na saki birki, iska na dukan fuskata, har da ihu na yi don su ji a baya. Ina shan kwanar sai ga garke a tsakiyar hanya, shanu sun kai sittin suna tsallakawa ta burtali. Duk yaron da ya taɓa shiga kara, wato kasuwar shanu, ya san abin yi: ka tsaya, ka yi shiru, ka bar su su wuce. Ni da na san haka tun ina ƙarami sai na danne birki, taya ta yi ƙara a kan tsakuwa, na shiga tsakiyarsu da rigata ruwan lemo ina kururuwar “Hattara!” Garken ya watse kamar an jefa dutse cikin kaji.

Makiyayin dattijo ne siriri mai furfura. Bai zage ni ba, wallahi da ya zaga da na fi samun sauƙi. Ya bi daji yana kiran shanunsa da muryar da suka sani, suna fitowa ɗai-ɗai. Da suka taru ya bi su da ido sau biyu, sannan ya zauna a kan wani kututture. Na gaishe shi da Fulatanci, na ce, “Baffa, ka yafe mini. Sun cika?”

Ya ce, “Jar karsana babu. Kuma can ta nufa.” Ya nuna gabas da sandarsa, wajen gonakin ƙauye.

A nan ya gaya mini abin da ke damunsa. Shekara tara rugarsa na zaune a gefen ƙauyen nan da yardar dattawansa. Bara shanun wasu baƙi masu wucewa suka ci gonaki, rai ya ɓaci, aka tara mutanen rugar aka ce daga yau duk saniyar da aka kama a gona, rugar ce za ta tashi gaba ɗaya. Matansa da jikokinsa da rijiyar da suka haƙa duk suna wurin. Ga shi ba zai iya barin garken ya bi karsana ɗaya ba.

Muka rabu uku, kowa ya ɗauki 'yar hanyar ƙafa. Abin da na iya shi ne bin sawu, to ranar ya yi mini rana. Na ga inda kofatonta ya nutse a ƙasa mai damshi, na bi ina tura keke, ƙaya na yagar ƙafafuna, ina addu'ar Allah ya sa rafi ta nufa. Kusan awa ɗaya ina tafe. Da na fito daga cikin itatuwa sai na hango ta tsaye a tsakiyar gonar doya, ta tattake tuli sun fi goma. Mai gonar na riƙe da ita da igiya, adda a ɗaya hannun, wasu maza biyu na tahowa daga gonar maƙwabta.

Mai gonar ya gane shaidar da ke kunnenta, ya san ta wace ruga ce. Na yi sallama da Dandanci, harshen yankin, na cire hular kwano, na durƙusa. Na ce, “Baba, ba mai shanun ba ne. Ni ne. Yana kan burtalinsa na faɗa cikin garken da keke na firgita su.”

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, “Kai ɗan ina ne?”

“Faraku.”

“Aikinka?”

Nan ne na so ƙasa ta tsage. Na ce, “Dillalin shanu.”

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Mai gonar bai yi dariya ba. Ya aika aka kira makiyayin, abokaina ma suka iso, malamin ya nuna musu a wayarsa inda muka biyo, na sake maimaita maganata a gaban kowa. Tsohon mai gonar ya saurara har ƙarshe. Can ya ɗauko garma ya miƙo mini. Ya ce, “Wanda ya rushe shi zai tayar.”

Jama'a, na sha ganin tulin doya daga tagar mota ina cewa ai tara ƙasa ne kawai. Ba haka ba ne. Sai ka sunkuya ka yanko ƙasa ta kowane gefe ka ɗora, ka lallaɓa irin da ke ciki kada ka sare tsiron, ka mayar da sanda da ciyawa. Na farko da na yi ya fito a karkace, tsohon ya sa ƙafa ya baje, ya ce in sake. Abokaina da suka gama yi mini dariya suka karɓi garma su ma. Makiyayin ya ɗaure karsanarsa a gindin ɗorawa ya zo yana gyara sandunan. Kafin la'asar sakaliya mun tayar da goma sha uku, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Tsohon ya zagaya su ɗaya bayan ɗaya, ya gyara uku da hannunsa, sannan ya ce wa makiyayin, “Ɗauki abarka. Ban ga saniya a gonata ba yau, ɗan birni na gani.” Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba.

A ƙauyen muka kwana. Washegari muka ƙarasa Jugu a hankali, ina riƙe da kan keke da yatsu saboda ciwo, kuma duk gangarar da ban ga ƙarshenta ba sai na sauka na leƙa. Mun zaga kasuwa, mun ci tsire, mun huta a masallaci. Komawa kam a taksi muka yi ta, kekuna ɗaure a sama, ba wanda ya yi gardama.

Abin da na koyo ba ya da yawa, amma ya shige ni. Hanyoyin nan da muke kira shiru, mu ne baƙi a kansu. Akwai mutanen da zamansu ya rataya a kan yarjejeniyar da aka yi da baki a gindin itace, kuma mai wucewa da ya fito shan iska na iya tsinka ta cikin minti ɗaya ya koma gidansa ya yi wanka. Ni na kusa yin haka, kuma duk hanyar dawowa raina bai kwanta ba, don maganar mutum ɗaya a gona ba ita ce maganar ƙauye ba.

Na iso Gema bayan la'asar. Kafin in cire takalmi na kira lambar da makiyayin ya ba ni. Ta daɗe tana ringi. Da ya ɗauka na ce, “Baffa, lafiya dai? Ba a aiko muku ba?”

Ya ce, “An aiko, Alhaji.” Sai ya ƙara da cewa, “Matar mai gonar ce ta zo da safe da ƙwaryarta, sayen nono.”