Langar Inna a Kan Bonet

A gidanmu na Sara, hira ba ta farawa sai masara ta hau garwashi. Ƙarshen damina, da an idar da magariba an ci tuwo, Inna Hanne, mahaifiyar babana, za ta jawo kujerarta 'yar tsuguno zuwa bakin murhu a ƙarƙashin rumfa. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa idonsa na kan masarar da ya zaɓa a zuciyarsa. Da hannu take juya ta, ba ta jin zafi. Wanda ya cika surutu kuwa, shi ake ba ƙonanniya.

Ta iya tatsuniyoyin kura da dila kamar kowace tsohuwa, amma mu labari ɗaya muke naci a kai, na motar kakanmu Malam Sale, wanda ya rasu kafin a haife ni. Takan ja rai tukuna, ta ce wuyanta na ciwo, ta ce mun ji shi har ya tsufa. Sai ta gyara ɗankwali ta ce, "To, ga ta nan tafe da tayoyinta."

Mu haɗa baki mu ce, "Ta tsaya mu hau!"

Malam Sale direba ne. Yana da wata tsohuwar jif mai tsayin ƙafa, yana ɗaukar mutane da buhunan gero da awaki daga ƙauyukan Gwaram, har Basirka, ya kai su kasuwar Birnin Kudu. Da rani ba abin da ke tsayar da ita. Da damina kuwa akwai wani mashigi a hanya inda rafi ke cika da ruwa da laka, nan ne take zubar masa da mutunci. Akwai wani abu a jikin injin da ake kira altaneta, shi ke ba batir wuta, a wannan motar kuma can ƙasa aka ɗaura shi. Da ta shiga mashigin sai laka ta cika shi, ya daina aiki. A ɗan taɓa tafiya fitilu su yi ja, injin ya yi tari ya mutu. Daga nan sai kowa ya sauka a tura.

"Har liman ya tura motar nan," in ji Inna. "Ya naɗe babbar riga ya tura. Amarya ma an taɓa sauke ta da lulluɓinta. Mutane suka riƙa cewa in za ka bi Malam Sale ka ci abinci ka ƙoshi, don kai za ka kai shi."

Shekara da shekaru yana shan wannan tsiya, ko a jikinsa. In an yi masa magana ya ce ai motsa jiki lafiya ne. Sai wata damina, Inna na da tsohon ciki, ya tashi da sassafe ya nufi garejin wani bakanike a Birnin Kudu mai suna Garba.

Inna ba ta taɓa ganin Garba ba, amma tana kwaikwayon muryarsa, ta cika kumatu ta yi magana ta hanci: "Malam Sale, abin nan naka yana zaune a ƙasa kamar kwaɗo. Duk ruwan da ka shiga shi ke fara sha. Mu ɗaga shi sama kawai."

Aka kira mai walda ya haɗa wani ƙarfe mai ƙafafu a saman injin, aka ɗora altaneta a kai, aka nemo dogon fambel, bel ɗin da ke juya shi, aka ɗaure. Aka tayar da mota, ta ɗauka lafiya lau. Garba ya share gumi, ya sauke bonet, bonet ya ƙi rufuwa. Ya danna, ya hau ya zauna, ya kira yaransa suka hau tare, a banza. Abin ya yi tsayi da yawa.

Malam Sale ya ce a ɗan sauke shi. Garba ya ce shi aikin da ya gama ba ya kwance shi. Ya ɗauko kurfi da guduma ya fasa bonet ɗin, ya yi rami zagayayye, altaneta ya leƙo waje kamar kan kunkuru. Suna tsaye suna yaba wa kansu, hadari ya taso daga gabas. Nan suka kalli juna. An tsere wa ruwan ƙasa, ga na sama yana zuwa.

"Sai a nemo masa hula," in ji Garba.

Idan labari ya zo nan Inna takan ajiye masarar hannunta, don abin da ke biye ba na wasa ba ne a wurinta. Malam Sale ya auna faɗin ramin da kara, ya zo gida. Ita tana maƙwabta wajen suna. Ya shiga ɗakinta, ya tsaya gaban jeren kwanukanta na aure, yana gwada karan nan ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi daidai ita ce babbar langar da ke can sama, fara mai furanni ja da shuɗi, wadda mahaifiyarta ta sayo mata daga Kano, ko ruwa ba a taɓa zubawa a ciki ba. Ya ajiye murfin a kan gado, ya saka langar cikin riga ya fice. Aka huda mata baki, aka kife ta a kan bonet, aka ɗaure da noti.

Inna ta dawo ta ga jerenta da giɓi. Ta duba ƙarƙashin gado, ta tuhumi yaran gida, har akuya ta harara. Tana cikin haka ta ji hon. Ta leƙa ta ƙofar zaure.

"Wallahi 'yan nan, sai ga langata tafe a kan hanya. Ita ce a gaba, furanninta na ƙyalli, yara na bin ta da gudu. Kakanku na bayanta riƙe da sitiyari, yana washe baki kamar ya yi abin kirki."

"Me kika ce masa, Inna?"

"Ni? Ban ce komai ba. Da dare na zuba masa tuwo a murfin na kai masa. Ya ce, 'Hanne, miyar tana zuba.' Na ce, 'Malam, gindin kwanon yana wajen aiki.'"

Haka ya yi ta cin tuwo a murfi, ita kuma ba ta ce masa komai in ban da gaisuwa. Gari ya sa wa mota suna Mai Langa. Mata in sun shigo gidan sai su ce, "Hanne, yau me kika dafa wa mota?" Ta rantse ƙafarta ba za ta taka motar nan ba har abada.

Rantsuwar ba ta yi nisa ba. Wata la'asar ana ruwa kamar da bakin ƙwarya naƙuda ta taso mata. Tasalla ungozoma ta zo ta duba ta, ta fito ta ce wa Malam Sale wannan karon ba za a zauna a gida ba, a tafi asibitin Birnin Kudu yanzu. Aka shimfiɗa tabarma a bayan mota aka kwantar da Inna, Tasalla na riƙe da ita.

Suka isa mashigi gab da magariba, rafi ya cika yana tafe da kara da itace. Ga wata babbar mota ta tsaya a gaɓa, mutane sun fake a ƙarƙashinta. Suka yi ta ɗaga masa hannu. "Malam Sale, kar ka shiga! Yau ba mai tura ka!" Ya waiwayo ya dubi bayan mota. Tasalla ta ce, "Me kake kallo? Shiga!"

Ya yi bisimilla ya saka giya. Ruwa ya shanye tayoyi, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa tabarma. Inna ta ce ta ɗago kai don ta yi kalmar shahada, abin da ta hango ta gilashin gaba shi ne langarta tana tsaga ruwa.

"Ina salati ina kallon ta. Na ce a raina, in dai mutuwa zan yi, to da kayana zan tafi."

Motar ta yi gurnani, ta yi tangaɗi, ta haye. Fitilu ba su ko ƙifta ba. Mutanen da ke gaɓa suka ɗauki kabbara.

Sai dai jaririn bai jira Birnin Kudu ba. Kafin su kai Kangire Tasalla ta buga wa Malam Sale tsawa ya tsaya gindin wata tsamiya, ta kore shi waje cikin ruwa. Yana ta kewaya motar har ya ji kuka. Tasalla ta leƙo ta ce namiji ne, a ba ta abin wanka. Malam Sale ya duba ko'ina, babu ko gwangwani. Sai ya ɗauko sifana ya kwance langar, ya cire hularsa ya kifa wa altaneta, ya ruga wani gida da ke kusa aka zuba masa ruwan ɗumi.

"A cikinta aka yi wa ubanku wankan farko," in ji Inna. "Duk da an ɗauraye ta, sai da ya kwana uku yana warin man inji. In ba ku yarda ba ku shinshina shi."

Sau da yawa daidai nan Baba ke fitowa zai tafi sallar isha'i. Sai ya yi gyaran murya ya ƙara sauri, mu kuma mu toshe baki, dariya na fita ta hanci. Inna ta ƙarasa da cewa sun isa asibiti lafiya, kakanmu ba hula, kuma bayan ta yi arba'in langar ta koma kan bonet, amma aro ta bayar. Sai ta karkaɗe zani ta ce, "Labari ya mutu a nan, kowa ya sauka ya tura kansa ɗaki."

Muna yara mun ɗauka darasin shi ne kada namiji ya taɓa kwanon mace, don haka Inna ke faɗa. Sai da na girma na yi aure, matata na da ciki, Goggo Rabi, ƙanwar kakanmu, ta gaya mini abin da ba a faɗa a bakin murhu. Kafin Baba, Inna ta yi wata haihuwar da damina. Ta zo da gardama, motar ta mutu bayan mashigi a hanyar kai ta asibiti, ɗan bai zo da rai ba. A ranar na gane abin da ya tayar da mutumin da bai taɓa damuwa da dariyar gari ba ya tafi gareji. Na kuma gane dalilin da ya sa Inna ta zaɓi ta riƙa ba mu wannan tafiyar da dariya, ta bar waccan a cikinta.

Da na je gida na same ta ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni. Na zauna kusa da ita na ce, "Inna, ashe saboda ke ya ɗaga abin nan sama."

Ta juyo gare ni. Ta ce, "Ka ɗauka ban sani ba? Tun ranar da na hango ta a hanya na sani." Ta goge ido da bakin mayafi. "Amma dai akwai wata a ƙasan jeren mai ɗan tabo a gefe. Da ya tambaye ni, ita zan ba shi."