Ramin da Aka Bar wa Taɓarya

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano ranar Laraba, ni da wani abokina, a tsohuwar motarsa da ba ta tashi sai an lallashe ta. Ya ce in raka shi Zoza, a ƙasar Rogo, ya gaida gwaggonsa. Ni dai kifin Karaye ne ya ja ni, ba zumunci ba.

Ku masu bibiyar shafina kun san abin da na yi makon jiya. Na ɗauki albam biyu na mawaƙa mata na auna su. Na farko na wata 'yar birni ne: kiɗa ya cika, murya tas, sai dai baitocin duk ɗaya ne, in ka ji waƙa ɗaya ka ji goma. Na biyu na wata sabuwar mawaƙiya ce 'yar Rogo. Na yaba kalmominta, amma na ce waƙoƙinta bakwai duk ramuka ne. Tana yin baiti sai ta yi shiru, kiɗan ma ya ɗauke, kamar an ɗauke wuta a situdiyo. Na ce aikin rabi da rabi ne. Bayan kwana biyu ta sanar cewa za ta janye albam ɗin, ta koma situdiyo ta cike ramukan. Har na riƙa jin kaina.

A hanya na sake kunna wa abokina su biyun ina yi masa sharhi. Shi kuwa sai kauce wa ramukan titi yake. Bayan mun saki hanyar Gwarzo, gonaki suka buɗe dama da hagu, an tuge gyaɗa an kife ta tana shan rana, dawa ta sunkuya don nauyi. A Karaye muka karya da soyayyen kifi da gurasa. Da mai kifin ya faɗi kuɗinsa sai da na sake tambaya, don na zaci na gutsure ɗaya yake nufi, ashe na kifin ne sukutum. Na ci har na ji kunyar kaina.

Daga Rogo zuwa Zoza motar ta sha wuya, mu ma mun sha. Da hantsi muka isa. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo fura mai sanyi da nonon da ba a tsarma masa ruwa ba. Abokina ya shiga cikin gida, ya bar ni da ludayi.

Ina cikin sha sai na ji waƙar 'yar Rogo ta tashi daga tsakar gida, a wata waya mai rarrauniyar sifika. Na yi murmushi, ina jiran ramin farko. Ta kai ƙarshen baiti, ta yi shirun nan nata. Sai na ji dum! dum! dum! Taɓare uku sun faɗa turmi, ɗaya bayan ɗaya, daidai cikin shirun, ba ƙari ba ragi. Ta sake baiti, ta yi shiru, matan suka amsa da baki ɗaya, wata ta cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Ba na ganinsu, amma kunnena ya gani.

Ludayin ya tsaya a hannuna. Waƙar da na saurara sau ashirin da abin kunne a ɗakina, ashe ban taɓa jin ta cikakkiya ba sai yau. Rabinta yana cikin waya, rabin yana hannun matan da ke surfen gero.

Can sai ga abokina da gwaggonsa, dattijuwa doguwa, dusa a gefen mayafinta. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta zauna a bakin ƙofa ta dube ni.

"Ɗan nan, kai ne mai auna waƙa?"

Na kalli abokina, ya kalli rufin zaure. A nan na gane an kawo ni ne, ba rakiya na yi ba. Mawaƙiyar 'yar gwaggon ce ta cikinta, ƙanwarsa ke nan, kuma shekara da shekaru muna tare bai taɓa faɗa mini ba.

Na fara kame-kame, ina cewa ai na yaba baitocin. Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Ba faɗa zan yi maka ba. A bakin turmin nan ta koyi waƙa. Da za ta tafi ta ce, Inna, zan bar muku wurinku a ciki. Yanzu ta bugo tana kuka, wai masana sun ce a cike. To ɗan nan, in ta cike, mu a ina za mu sa taɓarya?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da ƙyar na roƙi abokina ya shiga da wayata ya ɗauko mini sautin dakan. Da za mu tafi Gwaggo ta sa aka ɗaura mana ƙunshin gyaɗa da ƙuliƙuli, ta ce a gaida mutanen gida. Wannan kyautar ta fi zagi ciwo.

A hanyar dawowa ban kunna komai ba. Ko kifin Karaye ban tsaya ba. Muna shiga Kano bayan la'asar na karɓi lambar mawaƙiyar a wurin abokina, na tura mata sautin da ban haƙuri mai tsawo, na roƙe ta kada ta taɓa albam ɗin.

Har yanzu ina nan a kan wasu maganganuna. 'Yar birni ta fi ta tsabtar sauti, kuma na'urar gyaran murya ta yi wa 'yar Rogo yawa a waƙa ta biyar. Amma abin da na kira babban aibinta shi ne ƙarfinta, kuma tafiyar nan ta koya mini kada in sake yanke wa waƙa hukunci ban je inda ake jin ta ba.

Washegari da safe amsarta ta shigo. Ba ta zage ni ba. Ta rubuta: "Na gode, Malam. Na riga na cike uku da fiyano, mai situdiyo kuma ya goge na asali. Saura huɗu, zan bar wa su Inna."

Na san waƙoƙin na asali suna nan a wayoyin matan Zoza, sai ranar da wayoyin suka lalace. Amma duk wanda zai ji waƙoƙin nan uku daga yanzu, fiyano zai ji a inda taɓaryar Gwaggo take faɗawa, kuma ni na sa shi a wurin.